Giɓin Zangarniya (Shafi na 14)

Da sunan Allah nake buɗewa. Ku masu aiko min saƙo tun ban karya kumallo ba, kuna "Goggo mun ƙosa," to ga shi, ku sakar min gefen zane in zauna. Ke kuma da kika rubuto wai na tsani Hamdiya, karanta na yau, sai ki dawo mu yi magana.

Wanda ya shigo yau, zo in kama hannunka. Muna Tambuwal, gidan marigayi Malam Abdulkarimu. Inna Hinde ce uwarsu, 'ya'yanta uku. Hamdiya ce ta fari, malamar firamare, tana aure a Kebbe. Sai Bashar, mai zanen gine-gine a Sakkwato. Sai auta Ruwaida, wadda aurenta ya mutu ta dawo gaban Inna, yanzu ita ce mai zanen hular da ake ji da ita. Da tsohuwar kwamfutar Bashar take zanen, irin mai naɗewa ta koma allo, a yi rubutu a fuskarta da alƙalami. Aro ya ba ta shekara biyu da suka wuce.

To Bashar ya sayi sabuwa, wata uku bai cika ba wurin aikinsa suka ba shi tasu. Ya ce zai kyautar da nasa biyun ga 'yan'uwansa mata. A ransa sabuwa ta Hamdiya ce, tsohuwa ta zauna inda take. Amma bakinsa ya riga shi, gaban Inna ya ce, "Sai su zaɓa."

Kun san dokar gidan Malam tun yana raye. Naman layya ne, atamfar sallah ce, ko mangwaro, a tabarma ake bajewa. Babba ce ke fara zaɓa, kuma abin da ta ɗora wa tafin hannu ya zama nata, ba roƙo, ba musaya.

In Hamdiya ta ɗora hannu kan tsohuwa, sana'ar Ruwaida ta tsaya cak. Ga Alhaji Maccido, dillalin huluna na Kebbe, yana tafe bayan la'asar karɓar zane uku da ba a gama ba.

To mu je.

Asabar ce, an idar da azahar. Bashar ya je ɗakin Ruwaida ya karɓo tsohuwar tana tsaka da aiki, rufe murfin kawai ya yi. Ya shimfiɗa su biyu kan tabarma ƙarƙashin rumfa kamar mai tallar yadi.

Hamdiya na zaune da hijabinta, ko cirewa ba ta yi ba tun saukarta daga mota. Jakarta na kan cinya, ta rungume ta kamar za a ƙwace.

Bashar ya ɗaga sabuwar da yatsu biyu.

"Adda, ɗauki ki ji. Ba nauyi, awa faifai. Caji guda ta kai ki tun hantsi har magariba. Ke da kike Kebbe, inda wuta ka zuwa in ta ga dama, ai wagga taki ta."

Hamdiya ba ta karɓa ba.

"Sakamakon ɗiyan makaranta, tambayoyin jarrabawa, dut ki yi su ciki. Kina buɗewa ta tashi, ba jira."

"Uhm," in ji Hamdiya.

Ya nuna tsohuwar da haɓa.

"Wagga kuwa ta gaji. Nauyi awa dutsen niƙa. Batir bai kai sa'a biyu. In fankarta ta fara kuka sai ki ce injin markaɗe anka tayar. Dubi nan, gindin murfi ya tsage, da salatif anka riƙe shi."

Jama'a, na yi yawo kasuwanni tun daga Jabo har Sanyinna, ban taɓa ganin mai kaya yana zagin kayansa haka ba. Har gumi yake.

Hamdiya ta ce, "Ina alƙalamin sabuwar?"

Bashar ya sosa ƙeya.

"Ba ta zo da shi ba, Adda. Daban aka saye. Sai an aika Legas, kuma shi ma sai an riƙa yi mai caji."

"Na tsohuwar fa?"

"Shi cikin cikinta shika kwana. Ga raminai nan gefe. Ba ruwanai da caji."

"In an ɗauko shi, ba shi yi ma sabuwar rubutu?"

"Ba su jituwa."

Hamdiya ta yi wani murmushi da bai kai ido ba.

"Ashe har su ma."

Ruwaida dai ta san halin yayarta. Tun suna yara, in ta nuna tana son jan ɗankwali, jan Hamdiya za ta ɗauka, ko da shuɗin ya fi kyau. Don haka tun safe ta shirya dabararta. Ta matso, ta shafa bayan sabuwar da tafin hannu, ta langaɓe kai.

"Kai Adda, wagga ta yi kyau. Wallahi in kin bar min ita kin gama min komi. Ni na gaji da waccan mai kukan."

Ta ƙara shafawa. Har da ajiyar zuciya, 'yar banza.

Hamdiya ta dube ta tun daga ɗaurin kallabi har yatsun ƙafa.

"Auta."

"Na'am Adda."

"Bakinki na ga sabuwa, idonki na ga tsohuwa. Tun ɗazun nika ƙirgawa, sau fuɗu kinka sace ta da kallo."

Ruwaida ta janye hannu kamar ta taɓa murhu.

Inna na gefe kan kujerar tsuguno tana tsince shinkafa a tire. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Ke wagga, ɗauki sabuwa ki bar yarinya da kayan aikinta."

Kun ji ko? "Ke wagga." Haka Inna ke kiran Hamdiya tun haihuwarta. Kunyar 'yar fari. In ta so sakin fuska ta ce "mutanen Kebbe." Amma auta, a rana sai a ji "Ruwaida, Ruwaidatu, Ruwai" sau talatin, kamar ana kiran kaza ta ci tsaba.

Hamdiya ta ce, "Inna, doka ta canza ne?"

"Wa ac ce ta canza?"

"To ni ab babba."

Ta miƙa hannun dama. Ya bi ta kan sabuwar, a hankali, har Bashar ya fara sakin numfashi. Ya wuce. Ya sauka daɓas kan tsohuwar, daidai wurin salatif.

Tsit. Kazar da ke kiwo bakin rariya ma sai da ta ɗaga kai.

"Adda!" Bashar ya dafe kai. "Don Allah mi za ki yi da wagga?"

"Abin da aka yi da ita."

Ruwaida ta miƙe tsaye, zanenta na neman kwancewa.

"Wallahi baƙin ciki na! Baƙin ciki na tsantsa! Ke mi kinka haɗa da alƙalami? Jan biron da kika ba ɗiyan mutane sifiri da shi bai ishe ki ba?"

"Ruwaida," in ji Bashar, "yayarki ta fa."

"Bar ni, Yaya Bashar! Ta san Alhaji Maccido na tafe yau. Ta san saura zane uku. Ita anka kai kwaleji, ita ad da aikin gwamnati, ita ad da miji da ɗiya. Ni abu guda Allah ya ba ni, guda tal, shi ma ya tsone mata ido!"

Hamdiya ba ta ɗaga murya ba. Ku ji tsoron mai fushi da ba ta ɗaga murya.

"Allah ab ba ki?"

"Shi ab ba ni!"

"To zauna mu gani."

Ta zuge jakar nan da ta rungume tun zuwanta. Ta zaro hula. Sabuwa fil, ruwan ƙasa da ruwan zuma, an wanke an buga, tana ƙamshin sitati. Zanen zangarniyar gero ne ya kewaye ta, irin wanda duk saurayin da ya isa a Tambuwal da Kebbe yake so a kansa ranar Juma'a.

Ta kife ta kan gwiwa.

"Jiya Abban su Najiba ya dawo masallaci da wagga."

Mijinta Mannir take nufi, kun san ba ta faɗin sunansa.

"Shina ta yi min burga. Wai 'Malama, dubi aikin ƙanwarki. Gidanku dai auta ta kwashe basira, ke an bar ki da alli.' Shina dariya. Ni ma nay yi dariya. Nac ce kawo in gani."

Ta juya hular zuwa gaba.

"Bashar, kai ad da ilimin zane. Ƙirga min layin tsabar gero daga ƙasa."

"Adda…"

"Ƙirga."

Ya sa yatsa. "Ɗaya, biyu, uku…" Muryarsa na raguwa kamar rediyon da batir ya mutu. "…bakwai."

"Mi kag gani ga na bakwai?"

"Giɓi. Tsaba guda babu."

Ruwaida ta yi caraf ta ce, "Ado na! Kowa ya san giɓin shi as sa anka san zanena. Masu kwaikwayo cike shi suka yi, shi ya sa aka gane na jabu."

"Ado," Hamdiya ta maimaita. "To auta, mi as sa ga layi na bakwai? Mi ah hana na shida?"

"Haka nag ga dama."

"Haka kinka ga dama."

Hamdiya ta juya wajen Inna, wadda hannunta ya tsaya cikin shinkafa.

"Ni bari in gaya muku. Ina aji biyar na sakandare. Nan, ƙarƙashin rumfar ga, da shuɗin biro. Na kai layi na bakwai, Inna ta ƙwala min kira, 'ke wagga, akuya ta shiga gero!' Na watsar da littafi na ruga. Kafin in kai ta ci rabin faifai. Na sha zagi har da dundu. Da na dawo hawaye ya cika min ido, na tsallake tsaba guda ban lura ba. Ba ado ba na, Ruwaida. Akuya ta."

Wallahi da ina wurin da na yi guɗa. Samarin gari kaf suna yawo da ɓarnar akuya a goshi, suna karkata hula don a gani.

Ruwaida ta turo baki.

"Zane na iya yin kama da zane."

"Gaskiya ta. Shi ya sa ban kwana da zargi ba, nac ce bari in zo in gani da idona."

Ta jawo tsohuwar kwamfutar gabanta.

Ruwaida ta yi tsalle. "Kar ki buɗe! Akwai kayana ciki!"

"Tawa ta yanzu. Na ɗora hannu."

Ta ɗaga murfin. Ai kun tuna Bashar bai kashe ba, rufewa kawai ya yi. Fanka ta ɗau kuka, fuska ta kawo haske, aikin da Ruwaida ke ciki ya bayyana yadda ta bar shi.

Rabin zane ne. Gefen dama an bi shi da launi mai kyau, kore da fari. Gefen hagu ba a kai ba tukuna. A nan ne ake ganin abin da ke ƙasa: hoton takardar littafin makaranta mai layi-layi, ta yi ja don tsufa, da zanen shuɗin biro. Ruwaida ɗora alƙalami take a kai tana bi, layi bayan layi.

Can ƙuryar takardar, da ƙaramin rubutu mai kwanciya, an sa: Hamdiya Abdulkarimu, aji biyar.

Hamdiya ta kai yatsa ta taɓa sunan. Hoton ya motsa ƙarƙashin yatsarta. Ta ja gefe, wani shafi ya fito. Ta ƙara ja, wani. Ga mai ƙafar zabuwa. Ga mai igiyar rijiya. Ga zangarniya da giɓinta, har da ɗigon da hawaye ya jiƙa biron ya baje.

Ta daɗe tana kallo.

"Wa aɗ ɗauki hotunan ga?"

Bashar ya sunkuyar da kai.

"Ni na, Adda. Amma wallahi ce min anka yi kin sani."

"Wa ac ce maka?"

Idonsa ne ya tafi wajen kujerar tsuguno ya dawo da gudu.

Hamdiya ta juya gaba ɗaya.

"Inna."

Inna na tsintar tsakuwar da babu ita.

"Inna, shekara goma sha biyar da sunka wuce na dawo hutu, na nemi littafina sama da ƙasa. Kinka ce min gara ta cinye shi. Kinka ce kin share ɓurɓushin kin zuba murhu. Kwana uku ban ci tuwo ba. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Wace irin gara ta wagga, mai ci ta amayo?"

"Ke wagga, ki iya bakinki."

"Tambaya nika yi."

Inna ta ajiye tiren a ƙasa. Ta gyara ɗaurin zane. Tsohuwa ce mai taurin rai.

"Ni naɓ ɓoye shi. Cikin adakata, ƙarƙashin kayan aurena. Malam ya rantse sai kin yi kwaleji, ke kuma dare da rana zane, zane, har kinka faɗi lissafi. Yac ce in ya ƙara ganin littafin ga sai ya ƙone shi. Na ga gara in ce gara ta ci da in ga an sa mai ashana."

"To na gode. Na yi kwaleji. Malam ya rasu shekara tara. Mi ah hana ki ba ni abina?"

Inna ta kau da kai.

"Mi ah hana?"

"Ke kin samu. Kin kama aiki, kin yi ɗaki. Wagga kuwa ta dawo min da akwati guda, tana kwana kuka tana tashi kuka. Wata shida ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Na buɗe adaka neman turare, nag ga littafin. Nac ce ko ta samu abin da za ta riƙa kallo. Ban san za shi kai haka ba."

"Da yak kai fa? Da kinka ga huluna ga kan mutane? Shekara biyu ina zuwa gidan ga ina gaishe ki, kina ce min 'auta ta yi baiwa.' Gabana, Inna. Ina cewa Allah shi ƙara."

Ruwaida ta share hanci da gefen mayafi, ta ce:

"To sai mi? Eh, littafinki na. Amma shekara nawa shina kwance cikin adaka awa gawa? Wa at tashe shi? Ke kin san yadda aka auna zane shi zauna ga kan mutum? Kin san zaren da ka zuba in an wanke? Ni naz zauna da mata masu ɗinki har Jabo, ni nas sha rana, ni nag gyara abin da ba shi ɗinkuwa. Kuma goma sha ɗaya cikin zanena nawa na, daga kaina sunka fito!"

"Cikin sha ɗayan, wanne Alhaji Maccido ka nema?"



Ai kun san amsar. Sha ɗayan suna nan, ana saye jefi-jefi. Amma wanda ake layi a kansa na akuya ne.

Hamdiya ta ce, "Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Ba satar ba. Kullum in na shiga aji na ɗauki alli, sai in zana fure ga gefen allo in goge kafin ɗiya su shigo. Ina ce ma kaina, ke dai ba ki da rabo, da kina da baiwa da gara ba ta ci ba. Ina ganin hulunanki ga kan mutane cikin kasuwar Kebbe, ina jin wani abu na soke ni nan, ina istigfari, ina cewa Hamdiya ji tsoron Allah, ƙanwarki ta. Ban taɓa yarda na riƙe guda na duba ba, don kar zuciyata ta ƙara baƙi. Ashe kaina nika yi ma hassada."

Bashar ya ce, "Adda, don girman Allah a zauna a sasanta. Ki ɗauki sabuwa, ni zan aika a kawo miki alƙalaminta. Sati biyu, uku…"

"In jira sati uku? Na jira shekara sha biyar."

Ta sake duban Inna.

"Shekara talatin da fuɗu ba ki taɓa kiran sunana ba. Nac ce kunya ta, haka anka gada. Ba ki taɓa yaba min gaban mutane ba, nac ce kunya ta. Ranar da nah haihu kinka aiko ƙanwarki, ba ki zo ba sai da anka yi suna, nac ce kunya ta. To littafina fa, Inna? Shi ma kunya ta?"

Kaza ta zo ta sa baki cikin shinkafa, babu wanda ya kore ta.

Hamdiya ta laluba gefen tsohuwar kwamfutar. Ta danna da farce. Alƙalamin ya leƙo daga raminsa, siriri, baƙi, bakinsa ya ɗan cinye don aiki. Ta zare shi. Ta juya shi a hannu, ta riƙe shi yadda ake riƙon biro, yatsunta suka zauna kamar jiya suka rabu.

Sai ta tura kwamfutar da ƙafa, a hankali, har gaban Ruwaida.

"Ungo. Na bar miki. Hotunan na ciki, ki ci gaba da kallo. Sabuwar ma ki haɗa, ba ni so."

Ruwaida ta zaro ido. "Alƙalamin fa?"

"Cikin rabona shike."

"Adda, ba shi yi miki komi in babu kwamfutar! Icce na kawai!"

"Na sani."

"To mi za ki yi da shi?"

"In riƙa kallo. Ai an ce kallo na maganin kuka."

Kai! Wannan maganar Inna aka jefa da ita, kuma ta same ta.

Ruwaida ta zube gwiwa biyu. Duk tsiwar nan ta tafi.

"Adda, don darajar Malam. Alhaji Maccido na hanya. Mata goma sha biyu ka jiran zanen ga su fara ɗinkin sallah. In nac ce mai babu, ya koma wajen wani, ba shi dawowa. Ki ara min shi yau kawai. Yau kawai, Adda."

"Ga takarda, ga biro. Mai baiwa ai ba ta rasa abin zane."

"Kin san hannuna ba shi zama ga takarda!"

"Yanzu na sani."

Hamdiya ta miƙe. Ta mayar da hular mijinta cikin jaka, ta rataya. Alƙalamin kuwa ba ta sa shi a jaka ba, a hannu ta riƙe shi, ta dunƙule. Ta zura takalmi ta nufi zaure.

Bashar na "Adda, Adda." Ruwaida na kuka da majina. Ta kai bakin ƙofar zaure ke nan aka ji wata murya da ba a taɓa ji da wannan kalmar ba.

"Hamdiya!"

Inna ce. Tana tsaye, shinkafa ta watse a ƙafafunta.

Bashar ya daskare. Ruwaida ma kukan ya tsaya mata cak.

Hamdiya ta tsaya, bayanta gare su. Kafaɗunta suka motsa sau ɗaya. Ta juyo a hankali, ido jajir.

"Na'am, Inna."

"Hamdiya, ba ta alƙalamin."

Da ma Inna ta tsaya ga sunan kawai. Da ta tsaya nan, na rantse da an gama, da yarinyar nan ta dawo ta faɗa jikinta. Amma ta ƙara sauran.

Hamdiya ta yi dariya, hawaye na gangarowa.

"Yau kinka kira shi. Shi ma don ita."

Ta juya za ta fita, sai ga sallama daga cikin zaure, da ƙarar sanda a ƙasa.

"Salamu alaikum, masu gida! Na riga lokaci, mota ta samu da wuri."

Alhaji Maccido ne. Abokin marigayi Malam ne tun suna samari, don haka ba ya tsayawa waje, har bakin tsakar gida yake kaiwa. Ya leƙo da farin gemunsa da buhun huluna a kafaɗa, fuska cike da fara'a. Bai lura da idanun mutane ba, tsufa ya fara taɓa ganinsa.

"A'a, mutanen Kebbe, ke ma kina nan? Madalla, a yi gabanki. Albishirinku! Wani babban mai shago ya zo min daga Sakkwato takanas saboda zangarniya. Shina son a riƙa ɗinka mai ita shi kaɗai, kuma za a liƙa sunan mai zanen cikin kowace hula, don masu jabu su huta. Sharaɗi guda: gobe in kai mai zanen wajenai, ta zana mai sabuwa gabanai shi gani da idonai. Har tambayata yay yi ma'anar giɓin nan, nac ce sai mai abu."

Ya sauke buhun, ya tafa hannu.

"To ina mai zangarniya? Fito!"

"Ga ni."

Murya biyu ce ta amsa, lokaci guda. Ɗaya daga kan tabarma, ɗaya daga gefensa.

Alhaji Maccido ya dubi Ruwaida da ke durƙushe gaban kwamfuta biyu. Ya dubi Hamdiya. Ya matso da fuska, ya ƙura wa hannunta ido, ya ga baƙin alƙalamin da ya saba gani a hannun auta.

Fara'ar ta sauka.

"Suna guda mutumin yac ce in kawo mai."

Ya ɗaga kai ya hango tsohuwar da ke tsaye cikin watsattsiyar shinkafa.

"Innar Bashar, ke kinka haife su. Ba ki yi min ƙarya. Wace ta cikinsu?"

Ruwaida ta ɗago tana kallon uwarta. Hamdiya ma ta juyo, alƙalami a dunƙule cikin hannu.

Inna ta dubi ta fari. Ta dubi auta.

Ta buɗe baki.